Gungumen Ƙofar MmaPhuti

Mokalana, 9 ga Fabrairu, 1991

Zuwa ga Rakgadi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Ina fata kina shan ƙwayar bayan kin ci abinci, ba kafin ba, kamar yadda na rubuta miki a jikin kwalin. Ki gaida ɗanki Oteng da yaransa, da duk wanda ya tambaye ni a Serowe. Tun da Mama da Baba suka rasu, ke yayar Baba ke ce uwa ke ce uba, shi ya sa ke nake fara gaya wa komai.

Ni lafiyata ƙalau, kuma ga albishir: ina da ciki, wata huɗu. Na rubuta wa mijina Modiri a makarantar da yake koyarwa a Maun. Na auna kaina, komai daidai, sai dai warin kananzir na firjin allurai da ke tayar min da zuciya da safe.

Asibitin ɗaki uku ne. Mu ma uku ne: ni, da Mma Dintwe mai awon yara da zagayen gidaje, da Rra Molapo direba. Likita yana zuwa sau ɗaya a wata in yashi ya bar motarsa ta wuce, sauran ranaku sai ta oba-oba nake jin muryarsa. Babban asibitin gunduma tafiyar awa huɗu ce.

Mutane ba su gama gane ko ni mece ce ba. Wani dattijo mai tari ya zauna gabana ya ce, “’Yata, yaushe likitan zai zo?”

Na ce, “Ni zan duba ka, Rra.”

“Au, ke likita ce?”

Na ce masa a’a, nas ce, amma an ƙara min karatu musamman don in duba mara lafiya, in gano cutar, in rubuta magani, daga jariri har tsoho.

Ya ce, “To, ɗan taɓa ni kafin na gasken ya zo.”

Bayan mako guda ya dawo ba tari, da ƙwai a cikin hularsa. Har yanzu yana tambayata yaushe likitan zai zo.

Wannan ba ya damuna sosai. Ga abin da ya dame ni. A ƙa’idar aikinmu, duk matar da ta haihu sai an bi ta gida a makon farko an duba ta, ita da jaririn. Ranar Talata na ɗauki jakata na je gidan wata mai jego. Na tarar an gicciya gungume a bakin ƙofar ɗakin, kamar yadda ake yi ko’ina. A gefensa wata tsohuwa na zaune tana tsince wake. Sunanta MmaPhuti, ita ake kira zaman jego a rabin gidajen garin nan. Ban kai ga gungumen ba ta ɗaga hannu.

“Tsaya nan, ’yar gwamnati.”

“Mma, mai jego na zo dubawa.”

“Na gani. Ku biyu kuka zo.”

Rakgadi, rigar aikina sakakkiya ce, ko Mma Dintwe ba ta lura ba. Na ce ai aiki ne ya kawo ni. Ta ce, “Aikin ya tsaya a waje tare da ke. Mai ciki ƙafarta da zafi. In kika taka ɗakin nan yaron ya saki nono, ke za ki shayar da shi?”

Na dawo na ce wa Mma Dintwe ta je a madadina. Ta nuna min baƙaƙen kayan jikinta, mijinta bai shekara da rasuwa ba, ita ma ba ta shiga. Rra Molapo namiji ne. Ya yi dariya har da buga sitiyari, ya ce, “Asibiti guda, kowa ƙafarsa da zafi! A rubuta wa gwamnati ta turo mana kaka.”

Ni ban yi dariya ba. Akwai masu ciki takwas da za su haihu kafin sanyi. Ɗaya daga cikinsu jikar MmaPhuti ce, Kesego, haihuwar fari, watan gobe. Ƙafafunta sun kumbura, jininta ɗari da arba’in bisa casa’in, kuma irin wannan yakan hau bayan haihuwa. An koya min abin da zan yi in na gani. Ba a koya min yadda zan gani daga bayan gungume ba. Wani lokaci in na zauna sai in ce da wata aka turo musu, da sun fi morewa.

Ki rubuto. Motar wasiƙu ranar Alhamis take zuwa.

’Yarki,
Sethunya

Serowe, 24 ga Fabrairu

Sethunya ’yar ƙanena,

Na ga takardarki. Na yi guɗa har MmaKabo ta leƙo ta katanga tana tambaya ko ruwa ne ya sauko. Ubangiji ya raba lafiya. Mu nan muna lafiya. Gwiwa tana nan inda kika bar ta, ƙwaya kuwa ina sha in na tuna, kuma ba na duba kwali kafin in haɗiye. An yi ruwa sau biyu, dawa ta kai ƙugu, akuyar nan mai kunne ɗaya ta haifi biyu.

Wata huɗu, sai yanzu nake ji! Ke da kike rubuta wa mutum lokacin shan magani a kwali.

Maganar tsohuwar nan, kada ki sa ran zan zage ta. Ta yi daidai. Da ni ce, da muciya zan raka ki har bakin hanya. Ni na yi zaman jegon uwarki lokacin da aka haife ki. Wata uku babanki bai ga fuskarki ba, yana ta kewaya gida yana tari don a san yana nan. Uwarki ta fito ta yi ɓul-ɓul kamar kabewa, ke kuma ko mura ba ki yi ba. Ba makaranta ta yi wannan ba, gungume ne. Ku kun yi karatu, na yarda, kuma ina alfahari, duk cocinmu sun san ’yar ƙanena rabin likita ce. Amma kada ki je garin mutane ki nuna musu kakanninsu ba su da hankali.

Yanzu ga abin da ya tsaya min a rai. Kin ce da wata aka turo musu da sun fi morewa. Na karanta wurin sau uku, na sa Oteng ya sake karanta min ko idona ne. Na san ki. Ba ki taɓa cewa “ina so” a rayuwarki ba, sai dai ki kewaya ki kewaya kamar babanki. Yarinya mai cikin fari, ba miji kusa, ba dangi, asibiti awa huɗu cikin yashi. In kina son barin wurin, ki faɗa min da baki ɗaya, ni na san ƙofofin da zan buga. Ba abin kunya ba ne.

Na ba direban babbar motar da ke zuwa Kang busasshen nama da garin dawa ya ajiye miki a shago. Ki ci. Kada ki raba wa mai tari.

Rakgadinki,
MmaOteng

Mokalana, 12 ga Maris

Rakgadi,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, cikin ma lafiya, ya fara motsi. Ban ga amsarki ba, motar wasiƙu ba ta zo ba tun ƙarshen wancan watan. Wannan zan ba wani malamin gona da zai fita yanzu.

Kesego ta haihu ranar Juma’a a asibitinmu, mace, kilo biyu da ɗigo tara. Ni na karɓi haihuwar. MmaPhuti ba ta hana ba, ta ce asibiti ɗakin gwamnati ne, dokarsa daban, jego sai an kai gida an ajiye gungume yake farawa. Bayan haihuwa jinin Kesego ɗari da hamsin bisa ɗari. Na so in riƙe ta kwana uku. Washegari da sassafe sai ga MmaPhuti da amalanken jakuna. Ta ce, “Asibiti na mai ciwo ne. Wannan haihuwa ta yi.” Kesego ta dube ni, ta dubi kakarta, ta hau.

Na ba ta ƙwayoyi. Ban san ko tana sha ba. Na kira likita ta oba-oba, ya ce in riƙa auna ta kullum. Na ce ba a barina in shiga. Ya ce, “To ki nemi hanya, Sista, ke ce a wurin.” Sai layin ya cika da ƙara.

Kullum da safe ina zuwa in zauna a waje in yi mata magana ta ƙofa. Tana cewa lafiya. Amma hawan jini ba ya jin “lafiya”, sai an auna.

Ina da tambaya, kuma ina so ki amsa min dalla-dalla. Mene ne ainihin abin da aka hana mai ciki? Taka ƙasan ɗakin ne, ko taɓa mai jegon, ko numfashi, ko ganin jaririn? Mun taso muna ganin gungume muna kaucewa, ban taɓa tambaya ba. Na san amsarki ba za ta iso a kan lokacin Kesego ba, amma akwai bakwai a bayanta.

Ba na cin abinci sosai. In wani abu ya sami yarinyar nan, ban san da wane ido zan dubi mutanen garin nan ba.

Sethunya

Serowe, 5 ga Afrilu

Sethunya,

Muna lafiya, ban da ni, da ba na runtsawa. Takardarki ta tsakiyar Maris ta zo a makare, duk ta yamutse, daga ita kuma shiru. Kin ce tawa ba ta iso miki ba, don haka tambayar da na yi miki tana nan ba amsa. Rubutunki ma ya karkace, ke da layinki yake miƙe kamar an ja da zare. Mai ciki ta ce ba ta cin abinci, ta ce ba ta san da idon da za ta dubi mutane ba. Me kike so in ɗauka? Na ce yarinyar nan kuka take, kunya ce ta hana ta cewa a zo a ɗauke ta.

Don haka ban zauna ba. Na je wurin surukarki na karanta mata. Modiri ya zo hutun Ista, muka tasa shi gaba har ofishin shugabar nas-nas. Na sa rigata ta coci. Matar ta saurare mu, ta ce akwai gurbi a wani ƙaramin asibiti a nan cikin gari, likita yana tsallaken titi, kuma za ta riƙe miki shi zuwa ƙarshen watan nan. Abin da ya rage ki aiko ki ce kin yarda. Bayan haka wata za a ba.

Mijinki sai cewa yake, “Rakgadi, a tambaye ta tukuna, Sethunya ba ta son a yanke mata.” Na ce masa in gida na cin wuta ba a tsayawa tambayar mai gida ko yana son ruwa. Na ga dai bai gamsu ba. Ya ce zai rubuto miki da kansa.

Kada ki ce kin gaza. Waccan tsohuwar ta riƙe jikarta, ni ma in riƙe tawa. Nan za ki riƙa duba masu ciwon suga da masu tari, ki dawo gida ki ci abinci mai zafi, in lokaci ya yi ki haihu a hannuna.

Tambayarki ta abin da aka hana, ni ban taɓa zama na rarraba shi kamar wake da tsakuwa ba. An ce kada a shiga, ba a shiga. Kuma kowane gida da nasa, na Serowe ba lalle ya zama na can ba. Wadda ta ajiye gungumen ita ta san iyakarsa.

Ki amsa da motar farko. Kalma ɗaya ta isa.

Rakgadinki

Mokalana, 19 ga Afrilu

Rakgadi, uwata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina lafiya, ina cin abinci, na ƙara kilo biyu. Takardunki biyu da ta Modiri jiya suka iso tare, motar wasiƙu ce ta karye a Kang aka daɗe ana jiran ƙarfenta. Naman ma ya iso, na gode. Na karanta ta Fabrairu na yi dariya, na karanta ta Afrilu na zauna a kan buhun magani na daɗe ban tashi ba.

Ban nemi a ɗauke ni ba, Rakgadi. Tsoro nake ji, kuma ke kaɗai nake iya gaya wa. Rubutun da ya karkace, a kan gwiwata na yi shi, malamin gona yana tsaye yana jira. Bari in ba ki labarin yadda aka yi, sannan in amsa.

Washegarin ranar da na rubuto miki, na je kamar kullum. MmaPhuti ta riga ta saba, har ta kife min bokiti in zauna. Ta ce, “’Yar gwamnati ta zo gadi. Su ba su ba ki aiki a can ba ne?”

Na ɗaga murya na ce, “Kesego, ya kwanan jiki?”

Nishi na fara ji daga ciki. Sannan ta ce kanta kamar ana sara da gatari, tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idonta, kuma ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama yana ciwo. Rakgadi, waɗannan ukun a jere suke a littafinmu.

Na ce, “Mma, jininta ya hau. In ba a saukar da shi yau ba, jijjiga za ta kama ta. Za ta sandare, ta ciji harshe, idonta ya juye. Wasu ba sa dawowa.”

Na zaci za ta yi min tsawa. Sai ta ajiye tiren da ke cinyarta. Ta ce, “Na san ta. Ita ta ɗauke Phuti, uwar yarinyar nan, kwana shida da haihuwarta.” Ta ce a wancan jegon wata maƙwabciya mai ciki ta tsallaka gungume ta shiga ɗiban garwashi, ita tana bayan gida ba ta gani ba. Shekara goma sha tara ke nan, kuma tun daga ranar ko kaza ba ta sake tsallaka mata gungume ba.

Na yi niyyar in ce mata ba garwashi ba ne, jini ne. Na haɗiye. Ba lokacin ba ne, kuma ba na jin akwai lokacinsa. Na ce, “Mma, ba zan tsallaka ba, na yi miki alkawari. Amma ki faɗa min abin da aka hana, ɗaya bayan ɗaya.”

Ta ce, “Ƙafarki kada ta taɓa daɓen ɗakin. Inuwarki kada ta faɗa kan jaririya. Kada ki ci a kwanon mai jego.”

“Shi ke nan?”

“Bai ishe ki ba?”

“In ta kwanta a ciki, ta miƙo hannunta waje ta kan gungumen fa?”

Ta dube ni, ta dubi gungumen. Ta ce, “Ban taɓa jin an hana ba. Ban kuma taɓa jin an yi ba.” Daga ciki Kesego ta ce, “Nkoko, kaina.” Haka take kiran kakar tata. MmaPhuti ta tashi ta shiga. Ta kai jaririyar can ƙuryar ɗaki ta lulluɓe, ta jawo tabarmar Kesego har bakin ƙofa, ta ɗora hannun yarinyar a kan gungumen da kanta.

Na durƙusa a waje na ɗaura abin awo. Ɗari da tamanin bisa ɗari da ashirin. Na sake, haka. Fuskarta ta kumbura har idanun sun shige. Na ba ta ƙwayar saukar da jini. Allurar da ke hana jijjiga kuwa ba a hannu ake yi ba, sai MmaPhuti ta juya ta, ta kare ta da bargo, na yi mata ina miƙe daga gwiwa, ƙafafuna a waje. Tana lura da su kamar mai gadin gona.

Na aika Rra Molapo, da ya rako ni, ya sa Mma Dintwe ta kira likita. Ya dawo da mota ya ce likita ya ce a taho da ita yanzu. Nan muka sake tsayawa. MmaPhuti ta ce mai jego ba ta barin bayan gungume sai wata uku. Na ce allurar awa huɗu take riƙewa, kuma abin da ake bukata bayanta ba ni da shi. Na faɗa sau ɗaya na yi shiru, don na lura in na maimaita magana sai ta ƙara taurin kai.

Rra Molapo ya ce ƙasa-ƙasa, “Ni dai mota na iya tuƙawa, ban iya tuƙa ɗaki ba.”

Ta ce, “Kai mai baki, juyo da bayan motar nan ƙofa, ka kau da kai.”

Ta kira tsofaffi biyu daga maƙwabta. Suka naɗe Kesego a bargo har kai suka sa ta a ciki. MmaPhuti ta ɗaure jaririyar a ƙirji ta rufe. Sannan ta sunkuya, ita da bayanta da ba ya miƙewa, ta kinkimi gungumen ta gicciya shi a tsakiyar bayan motar. Ta ce, “Nan ɗaki ne. Can waje. Ke zauna a waje.”

A kan tayar safaya na yi tafiyar, hannun Kesego a kan gungume, ina aunawa duk rabin awa. Sau biyu muka kafe a yashi. Kafin mu isa ya sauko ɗari da sittin bisa ɗari da biyar. Ba ta yi jijjiga ba.

A asibitin, sistar ɗakin masu haihuwa ta ga tsohuwa na jan itace a baranda, ta ce, “Mma, kicin yana baya.” MmaPhuti ko kallonta ba ta yi ba. Da na yi bayani, sistar ta yi tsaki, ta ce a tura shi ƙarƙashin gado ta wajen ƙafa kada wani ya yi tuntuɓe. Ina jin ita ma an taɓa ajiye mata gungume. Likita ya duba katin ya ce wa ya yi allurar, na ce ni. Ya tambayi nawa, da ƙarfe nawa, na faɗa. Ya ce, “Daidai,” ya wuce gado na gaba. Na fita waje na yi amai, ban sani ba ko cikin ne ko tsoron.

Kesego ta yi kwana tara, ta dawo, ita da gungumenta. Jininta yanzu ɗari da ashirin bisa tamanin, jaririyar tana tsotso kamar an biya ta.

Ba wai komai ya warware ba. Cikin uku da suka haihu bayanta, gida biyu sun yarda da miƙo hannu, ɗaya sun ce ko yatsa ba zai fito ba, kuma har yau ban auna matar ba, sai tambaya ta ƙofa. Jarirai kuma daga nesa nake gani, mai zaman jego ta ɗaga min a bakin ƙofa, in ce ta danna hanci in ga ko ya yi rawaya, ta buɗe cibiya in duba. In ƙofar gabas take kallo, da maraice nake zuwa, don inuwata ta faɗa bayana. Bai kai yadda aka koya mana ba. Ya fi babu nesa ba kusa ba.

Amsata ke nan: ba zan karɓi gurbin ba. Na san kin sa rigar coci kin je kin roƙa, kuma komawa a ce an fasa akwai nauyi. Ki yafe min. Na rubuta wa shugabar da kaina na gode mata, na kuma roƙe ta a turo wadda za ta riƙe nan lokacin hutun haihuwata. Can akwai likita a tsallaken titi. Nan in na tafi, sai wadda za a turo ta fara daga bokiti.

Haihuwa a asibitin gunduma zan yi, zan tafi tun da saura mako biyu, na lissafa komai. Hutun gajere ne, hanyar Serowe kuma kwana biyu ce da jariri a cikin sanyi, don haka ina tunanin in yi jegon a nan gidan ma’aikata. MmaPhuti ta ce in ba ni da kowa, ita za ta zauna min.

’Yarki,
Sethunya

Serowe, 4 ga Mayu

Sethunya,

Muna lafiya. Na karanta, na sake karantawa, na kai wa surukarki, ta yi kuka da aka zo labarin motar. Mijinki ya aiko da layi biyu, na biyun “ai na faɗa” ne. Na koma ofishin, ba da rigar coci ba. Matar ta ce takardarki ta riga ni, kuma wai da ma ta yi mamaki. Na ce ni ma yarinyar mamaki take ba ni tun tana rarrafe.

Na yi miki karatun da ba ki rubuta ba. To, an wuce wurin. Zauna inda kike, tunda can ne aikinki.

Amma wace ce ba ta da kowa? Ina raye, ina taka ƙasa, wata tsohuwar Mokalana za ta yi wa ’yar ƙanena zaman jego? Ki gaishe ta da kyau, ki ce na gode, ki ce matar da ta iya ɗaukar gungume zuwa asibiti ina son in ga fuskarta, zan kawo mata shayi da sukari. Amma ta san wurin zamanta, waje ne, a kan bokitin.

Zan taso tsakiyar Yuni. Ki gaya wa direbanku mai baki ya tare ni a Kang, kuma ya share bayan motar, don da buhun dawa zan zo da akuya ɗaya ta yanka. Gwiwa za ta yi ƙorafi, ta yi.

Kuma ki sanar da mutanen garin tun yanzu. Na san abin da zai faru: kina kwance da jariri, su jeru a ƙofa kowa ya miƙo hannu ta kan gungume a auna shi. Wata uku ba nas a ɗakin nan, mai jego ce. Duk hannun da ya shigo, muciya zai tarar.

Rakgadinki,
MmaOteng